Wa Ya Raba Makarantun? Darasin Hujja Da Nahawun Turanci Daga Kotun Ƙolin Amurka

 

Da aka ce in zo in yi magana a kan yadda ake auna hujja, sai na ce to amma a yi mini uzuri, sai na haɗa da ɗan nahawun Turanci. Na ga wasu sun yi murmushi, wai za a mayar da su aji uku na firamare. Ku yi haƙuri da ni. Yawancin takardun da muke jayayya a kansu dare da rana a Facebook, sanarwar gwamnati ce ko hukuncin kotu ko jawabin wani babba, da Turanci suke zuwa. Na sha ganin yaro ya yi kwana biyu yana fafatawa a kan wata jimla, alhali bai tsaya ya duba wa ya yi aikin da ke cikin jimlar ba. Ihu yake yi kawai, ɓarawon kuwa ya bi ta wata hanyar.

Misalin da zan ɗauko na nesa ne, da gangan na zaɓe shi, don kada wani ya ce da shi nake. Labarin raba makarantun farare da na baƙaƙen fata ne a Amurka. Jimloli huɗu kacal za mu kwance, duk daga bakin Kotun Ƙolin ƙasar suka fito, kuma kowace ɗaya ta taɓa rayuwar miliyoyin yara.

Kafin nan, ga kayan aikinmu. Jimlar Turanci cikakkiya ba ta tsayuwa sai da abu biyu: aikau, wato wanda ake magana a kansa ko ya yi aikin, da aikatau, wato aikin kansa. Sau da yawa akan sami na uku, karɓau, wanda aikin ya faɗa wa. A jere suke zuwa kamar yadda muke jera su a Hausa. Idan aka ce "The county closed the schools", gunduma ce aikau, rufewa ce aikatau, makarantu ne karɓau. Gunduma ta rufe makarantun. Ka san wanda za ka kama. Amma Bature yana da wata hanya ta juya maganar, ya ce "The schools were closed". Karɓau ya dawo gaba, mai aikin ya sulale. Mu ma muna da irin wannan, ai kun san shi: "An rufe makarantun." Wa ya rufe? An dai rufe. Wannan "an" ɗin namu ya ɓoye mutane da yawa a ƙasar nan.

Ita ma hujja haka take da gaɓoɓi. Akwai da'awa, abin da mutum yake so ka yarda da shi. Akwai dalili, abin da ya sa ya ce ka yarda. Akwai shaida, abin da za a iya gani ko a ƙirga. Sannan akwai wani abu da mai magana ya ɗauka kowa ya amince da shi, don haka bai faɗa ba. Galibi a nan ake binne gawar.

To mu shiga labari. A 1868, bayan yaƙin basasar Amurka da 'yanta bayi, aka yi wa tsarin mulkinsu gyara na 14, wanda ya ce babu jihar da za ta hana wani mutum kariyar doka daidai da kowa. A 1890 sai jihar Luwiziyana ta yi doka cewa a jirgin ƙasa a ware taragun farare daban, na baƙaƙe daban. A watan Yunin 1892 wani mai suna Homer Plessy, da shirin wata ƙungiyar mutanen birnin New Orleans, ya shiga taragun farare ya zauna, aka kama shi. Shari'a ta kai Kotun Ƙoli, ranar 18 ga Mayu, 1896, alƙalai bakwai suka ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, alƙali ɗaya tak, John Marshall Harlan, ya ƙi yarda. Wannan hukunci na jirgin ƙasa shi ya zama ginshiƙin raba makarantu har shekara 58. Ƙa'idar da aka san shi da ita kalmomi uku ce: "separate but equal". A rabe, amma daidai.

Ku duba ta da kyau. Ina aikau? Babu. Ina aikatau? Babu. Sifa biyu ce aka ɗaura su da mahaɗin "but". Wannan ko jimla ba ta kai ba. Kuma abin da bai kai jimla ba, ba za ka iya cewa gaskiya ne ko ƙarya ba, domin bai yi iƙirarin komai ba. Ba a ce wane ne zai raba ba, ba a ce wane ne zai daidaita ba, ba a ce da wane mudu za a auna daidaiton ba. Shi kuma "but", aikinsa a Turanci shi ne ya kwantar maka da hankali da abin da ya biyo bayansa, ka manta da abin da ya gabace shi. Kamar mai kanti ne ya ce maka kayan sun ɗan jiƙe amma da araha. Kunnenka na kan arahar. A aikace, kalmar farko ita aka aiwatar da 'yan sanda da kurkuku, ta biyun aka bar ta a takarda.

Ga shaida, tunda mun ce hujja ba ta tsayawa sai da ita. A gundumar Clarendon ta jihar Karolina ta Kudu, wajen 1950, ana kashe wa kowane ɗalibi farar fata dala 179 a shekara, baƙar fata kuwa dala 43. Akwai motocin kai yara makaranta wajen 30 na farare, baƙaƙe ba su da ko ɗaya, wasu yaran sai sun taka mil da yawa a ƙasa. Abin da iyayen suka fara roƙa ma mota ɗaya ce kawai, aka hana su.

Jimla ta biyu tana cikin hukuncin 1896 ɗin nan. Lauyoyin Plessy sun ce ware baƙar fata tambari ne na ƙasƙanci. Alƙali Henry Billings Brown, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya amsa da cewa in ma hakan ne, ba daga dokar ba ne, sai dai "solely because the colored race chooses to put that construction upon it". Ma'ana, kawai don baƙaƙen ne suka zaɓi su yi wa dokar wannan fassarar.

Yanzu ku yi aikin da kanku. Wane ne aikau a nan? Baƙaƙen fata. Mene ne aikatau? "Chooses", ya zaɓa. Majalisar da ta rubuta dokar fa? Ta ɓace daga jimlar. Kwandastan da ya ce wa Plessy ya tashi? Shi ma babu shi. Wanda aka kora daga tarago shi ne aka mayar mai aiki, kuma aikin da aka ba shi zaɓi ne, kamar da ya ga dama da bai ji zafi ba. Sai kuma aka kawo bayanau "solely", wato kaɗai, aka toshe duk wata ƙofar da za a ɗora wa wani laifi. Nahawun jimlar lafiya lau yake, aikau tilo ya ɗauki aikatau mai "s" a ƙarshe kamar yadda ƙa'ida ta ce. Malamin Turanci ba zai ja mata jan biro ba. Amma ƙarya ce zalla. Abin da aka ɗauka ba a faɗa ba shi ne wai dokar ta shafi kowa daidai, tunda shi ma farar fata an hana shi shiga taragun baƙaƙe. Alƙali Harlan ya tona wannan, ya ce kowa ya san an yi dokar ne don a kori baƙaƙe daga taragun farare, ba don a kori farare daga na baƙaƙe ba. Kun ga ke nan Turanci mai kyau ba ya nufin magana mai gaskiya. Ku riƙe wannan, ku da kuke rawar jiki in kun ga an zubo manyan kalmomi.

Mu tsallaka zuwa shekarun 1950. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP, ƙarƙashin babban lauyanta Thurgood Marshall, ta tattaro ƙararraki biyar: daga Kansas, Karolina ta Kudu, Bajiniya, Delaware da birnin Washinton. Wadda sunanta ya fito gaba ita ce ta Oliver Brown, mutumin garin Topeka a Kansas, wanda aka hana 'yarsa Linda shiga makarantar da ke kusa da gidansu saboda launin fatarta. Ta Bajiniya kuwa wata yarinya ce 'yar shekara 16, Barbara Johns, ta tayar da ita a 1951, da ta ja ɗaliban makarantarsu suka ƙaurace wa aji saboda lalacewar ginin. Wannan ga 'yan matan da ke zaune a baya can.

Ina so mu yi wa ɗaya ɓangaren adalci, domin wanda bai iya faɗin hujjar abokin hamayyarsa yadda shi kansa zai yarda ba, bai shirya karawa da shi ba. Lauyan Karolina ta Kudu, John W. Davis, ba ƙaramin mutum ba ne, ya taɓa yin takarar shugaban ƙasa a 1924. Bai tsaya a gaban kotu yana zagin kowa ba. Hujjojinsa huɗu ne. Na ɗaya, majalisar da ta zartar da gyara na 14 ita da kanta ta bar makarantun birnin Washinton a rabe, don haka ba ta yi nufin hana rabawa ba. Na biyu, kotu ta daɗe da yanke hukunci a kan wannan, abin da aka gina shekaru a kansa ba a rushe shi haka kawai. Na uku, sha'anin makaranta na jihohi ne. Na huɗu, jiharsa ta riga ta fara gyara: gwamna James Byrnes ya sa harajin kashi 3 cikin 100 a kan saye da sayarwa a 1951, ana ta gina wa baƙaƙe sababbin makarantu. Wato yana cewa, kun ce ba daidai ba, to ga shi muna daidaitawa, me ya rage?

Wannan ta huɗun ita ce tarko. Da a ce Marshall ya gina ƙararsa a kan dala 179 da dala 43 kawai, da an gama da shi. Sai a zuba kuɗi, a yi fenti, a sayo motoci, a ce ga daidaito, kowa ya koma makarantarsa. A Topeka ma ƙaramar kotu ta riga ta ce gine-gine da malamai da manhaja duk kusan ɗaya suke a ɓangarorin biyu. Don haka ya zama dole a kai hari kan kalmar farko, rabawar kanta.

Ranar 17 ga Mayu, 1954, Alƙalin Alƙalai Earl Warren ya karanta hukunci, alƙalai tara duk bakinsu ɗaya. Ga jimlarmu ta uku: "Separate educational facilities are inherently unequal."

Kalmomi shida. Yankin suna, wanda shi ne aikau, kalmomi uku ne na farko: wuraren karatu da aka raba. Aikatau shi ne "are", domin sunan jam'i ne, da tilo ne da "is" za a sa. Kuma lokacin yanzu aka yi amfani da shi, wanda a Turanci da shi ake faɗin abin da yake tabbatacce kullum, kamar a ce rana daga gabas take fitowa. Ba a ce sun kasance ba daidai ba a bara, ba a ce wataƙila ba. Sifa ta ƙarshe, "unequal", ba daidai ba. Ku lura da abin da Warren ya yi: sifofi biyun nan da aka ɗaura da "but" a 1896, ya ɗauko su, ya sa ɗaya a farkon jimla, ya sa kishiyar ɗayar a ƙarshe, ya dasa aikatau a tsakaninsu. Abin da yake take ne kawai ya zama jimla mai da'awa, wadda za a iya karɓa ko a musa.

Amma kalmar da ta ɗauki nauyin duka ita ce bayanau ɗin nan, "inherently", wato a asalinsa, a jininsa. Ku cire ta ku gani. In babu ita, sai Davis ya ce to bari mu gyara. Da ita kuwa, an ce masa ko ka gina da zinariya, muddin doka ce ta ce wannan yaro ba zai zauna kusa da wancan ba saboda fatarsa, rashin daidaiton na nan. Kalma ɗaya ta kashe hujjarsa ta huɗu. Ta farkon kuma kotu ta ce tarihin gyara na 14 bai yanke magana ba, kuma ba za a mayar da agogo 1868 ko 1896 ba, sai an duba matsayin ilimi a rayuwar yau, inda da wuya yaron da aka hana shi ya kai ko'ina.

Yanzu zan faɗi abin da wasunku ba za su so ba. Ɓangaren da ke da gaskiya ma yana da shaida mai rauni. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun yi gwaji da 'yar tsana: a nuna wa yara baƙaƙe fara da baƙa, a tambaye su wacce ce mai kyau. Da yawa suka nuna farar. Abin tausayi ne ƙwarai, kuma kotu ta ambaci aikin Clark a ƙasan shafin hukuncinta. Sai dai a Clarendon yara 16 kawai aka gwada. Kuma a binciken nasu na baya, yaran arewacin ƙasar, inda doka ba ta raba makarantu kamar kudu ba, su ma sun zaɓi farar, har ma fiye. To in haka ne, gwajin ya nuna akwai ciwo, amma bai nuna cewa dokar makaranta ce kaɗai ta jawo shi ba. Davis ya yi ta dukan wannan wuri, masana ma sun yi ta sukarsa shekaru. Hukuncin ya tsira ne don yana da wata ƙafar da ta fi wannan ƙarfi. Darasinmu a nan: don kana kan gaskiya, ba kowace shaida da ta zo hannunka za ka ɗora a shafi ba. Ka auna taka kafin abokin hamayya ya auna maka ita. Hoto ɗaya na bogi yakan zubar da maganar gaskiya goma.

Sai jimla ta huɗu, wadda ta fi ba ni takaici. An yi nasara a 1954, amma kotu ba ta ce yaushe za a haɗa makarantun ba. Ranar 31 ga Mayu, 1955, ta dawo ta ce a yi shi "with all deliberate speed". Nan ma babu aikatau, babu rana, babu wata, babu shekara. "Speed" sauri ne. "Deliberate" kuwa a tsanake ne, a hankali, bayan dogon nazari. An haɗa sifa da sunan da suke jan juna, ɗaya gaba ɗaya baya. Mu mukan ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. To jihohin kudu rabin karin maganar na ƙarshe suka riƙe.

Ga abin da ya biyo baya. A 1956 'yan majalisar tarayya kusan 100 daga kudu suka sa hannu a takardar bijire wa hukuncin. A 1957 a garin Little Rock, gwamna Orval Faubus ya sa dakarun jiha suka tare ɗalibai tara a ƙofar sakandare, sai da shugaba Eisenhower ya aika sojojin tarayya suka raka su aji. A 1960 Ruby Bridges, 'yar shekara shida, sai da jami'an tsaron tarayya suka riƙa kai ta firamare a New Orleans. Gundumar Prince Edward, garin su Barbara Johns, ta gwammace ta rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964. Farare suka buɗe wa 'ya'yansu na kuɗi, yaran baƙaƙe da yawa suka yi shekara biyar ba aji. Kun tuna misalinmu na farko? Makarantun ba su rufe kansu ba, hukumar gunduma ce ta hana kuɗin gudanar da su. Shekara goma bayan hukuncin, yaran baƙaƙen kudu da ke zama aji ɗaya da farare ba su kai 3 cikin 100 ba.

Sai a 1969, a wata shari'a daga jihar Misisipi, kotu ta janye waccan magana, ta ce wajibi ne a kan kowace hukumar makarantu ta kawo ƙarshen tsarin nan mai biyu "at once", nan take. Wannan karon an faɗi mai aiki, an faɗi aikin, an faɗi lokaci. Tsakanin kalmomi huɗu na 1955 da kalmomi biyu na 1969 akwai shekara 14. Yaron da ya shiga aji ɗaya a farkonsu ya gama sakandare kafin ƙarshensu.

Kada kuma mu ɗauka abin a takarda kawai ya tsaya. Harry Briggs, wanda sunansa ke kan ƙarar Clarendon, an kore shi daga aikinsa a gidan mai, matarsa ma an sallame ta. Fasto Joseph DeLaine da ya tattara iyayen, an ƙona cocinsa, ya gudu ya bar jihar. Kuma da aka zo haɗa makarantun, dubban malamai da shugabannin makarantu baƙaƙe ne suka rasa aiki, domin makarantunsu aka fi rufewa. Duk wanda ya ba ku labarin nan ya tsaya a 1954, rabin labari ya ba ku.

Na san wani zai ce, Malam, ai mu ma haka ake yi mana, 'ya'yan masu hali makarantarsu daban, na talakawa daban. Ciwo ne na gaske, amma a yi hattara da kwatance. A can doka ce ta raba, da sunan launin fata, mai kuɗi baƙar fata ma ba zai shiga ba. Inda kuɗi ko unguwa suka raba yara, hujjar da za ka kawo daban ce, maganin ma daban. Amurkawa kansu yau da wannan na biyun suke fama. In ka haɗa su wuri guda, mai wayo zai kama ka a kan bambancin, maganarka mai kyau ta tafi a banza. Abin da za ku ɗauko daga can shi ne hanyar karatu.

Saboda haka, daga yau, kafin ɗayanku ya danna ya tura wani rubutu, ko ya yi masa raddi, ya yi wa jimlar tambayoyin nan. Wane ne aikau, in kuma babu, wa aka ɓoye? Ina aikatau, kuma na wane lokaci ne, an yi ne, ana yi ne, ko za a yi ne? Wace ƙaramar kalma ce ke ɗauke da nauyin maganar? Ina shaidar da za a ƙirga? Me aka ɗauka na yarda da shi ba a tambaye ni ba? Idan kun ga an rubuta za a gyara azuzuwa nan ba da daɗewa ba, ku tambayi wa zai gyara, guda nawa, a wane wata. Ku yi wa takardar abokan hamayya haka. Ku yi wa tamu ma haka, ita ce ma ya kamata ku fara da ita, domin gara a gida a gano ɓarakar da a gano ta a kasuwa.

Ga aikin gida. Kowa ya nemo sanarwa ɗaya ta Turanci a kan makarantu, ko daga ina ta fito, ya ja layi a ƙarƙashin aikau, ya zagaye aikatau, ya kawo mana zama na gaba mu kwance ta tare. Wanda bai sami aikau a tasa ba, shi zai fara magana.